Ku Tambaya Mu Amsa: Dogon yaron bakin hanya ya tare mini rana, in sare ko in haƙura da sola?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon wasiƙu uku na zaɓo kuma duka ukun icce ne da pano, wato farantin sola, ta farko ita ta fi cin wuri don in an gane ta an gane sauran.

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Tawa na, na yi shekaru ina bida Abijan, Allah ya taimake ni na gyara gidan tsohonmu na zuba dal bisa ɗakuna ukku da salo. To yanzu iyali na kukan zahi ga yankewar kuran, tsohuwa kuma tana da hawan jini ba ta ɗaukar zahin bazara, shi ya sa na ce bari in sa sola ko bantilater da firigo da tele su samu. Na kira wani teknisiyan ya yi mani dabi, bai ma hau bisa ba, daga ƙohwar gida ya ɗaga kai ya ce Alhaji sai an sare itatuwan ga in ba haka ba kuɗɗinka za ka zubar. Dogon yaro na guda ukku bakin hanya, kudu ga gidan, tsohonmu ya dasa su tun muna yara Allah ya jiƙan shi, yanzu sun kai kamar metir goma. Ƙarƙashinsu akwai mai shayi, tsohhin unguwa nan suke zama bayan azahar, da dare kuma samari su yi fada. Wani abokina ya ce kar in tada hayaniya, in bari dare ya yi in sa a sassaƙe masu ɓawo a zuba baƙin mai, wata biyu sun bushe ba wanda ya sani. Raina bai so ba amma kuma zahi ba shi da daɗi. Malam mi za ni yi? Wai da gaske na inuwa kaɗan tana kashe pano gaba ɗaya?

Mai karatu daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan tsoho, ya ba Inna lafiya.

Bari in fara da abokin nan naka mu kawar da shi gefe. Wannan shawara kar ka ko sake sauraronta. Iccen da ke bakin hanya ba naka ba ne kai kaɗai, ko da tsoho ne ya dasa shi da hannunsa ya yi ta ɗibar masa ruwa da tulu, tunda a filin hanya ya tsaya to mairi, wato ofishin magajin gari, da ma'aikatan gandun daji suna da magana a kansa. Muna da dokar daji tun 8 ga Yunin 2004, mai lamba 2004-040, kuma 'yan ozefore, wato ma'aikatan gandun dajin nan, ba yara ba ne, itatuwa uku lafiyayyu su bushe lokaci guda a ƙofar gidan da aka ɗora sabon pano, wa kake jin za a fara kira? Ka bar ma zancen tara. Busasshen dogon yaro mai metir goma ba ya daɗewa tsaye, iskar farkon damina ɗin nan da ke tasowa daga gabas da jar ƙura a gabanta ita za ta karya shi, kuma ba ta zaɓen inda za ta yar, ko kan dal ɗinka da panon da ka kashe wa kuɗi, ko kan wayar kuran, ko kan yaron wani. Ga kuma ladar tsoho, ka san hadisin da ya ce duk musulmin da ya dasa icce, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce gare shi. Ba kai ne za ka rufe masa wannan ƙofa da baƙin mai ba.

Shi kuma teknisiyan ban ce mugu ba ne, amma mutumin da bai hau bisa ba, bai fito da metir ba, bai tambaye ka ƙarfe nawa inuwar ke shigowa ba, bai kamata ya yanke wa icce hukunci daga ƙofar gida ba. Abin na ba ni haushi don ƙasar nan ba baƙuwar sola ba ce, Farfesa Abdu Mumuni wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, tun daga 1969 ya yi shekaru yana binciken rana, nan kusa da ku Malbaza akwai tashar sola mai megawat 7 tun 2018, amma yau duk wanda ya iya ɗaura waya biyu ya zama injiniya.

To mu zo kan rana kanta. Tawa tana kusan digiri 15 arewa da layin da ya raba duniya biyu, wato mu nan rana bisa kai take bi. A Faransa cikin ɗari rana rarrafe take yi a gefen sama, da tsakar rana ma inuwar icce ta kai ninki biyu zuwa uku na tsawonsa, kuma yawancin bidiyon da samarinmu ke koyon aiki da su a YouTube na can ne, shi ya sa suke jin tsoron icce fiye da kima. Lissafinmu daban ne. Wajen farkon watan Mayu rana tana tsayawa cak a tsakiyar kan Tawa, daga nan har wajen tsakiyar Ogusta ma ta ɗan karkata arewa ne, ke nan iccen da ke kudu da gidanka a waɗannan watanni inuwarsa hanya take faɗawa ba ɗakinka ba, sai fa in reshe ne ya ratayo bisa dal ɗin. Wajen 21 ga Maris rana tana hawa digiri 75 da tsakar rana, inuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon abu da ɗan wani abu. Sai a ɗari ne take sauka kudu, mafi ƙasa wajen 21 ga Disamba, digiri 52, a lokacin inuwar tsakar rana tana kai kashi 8 cikin 10 na tsawo.

Kuma ba duka tsawon iccen za ka lissafa ba, sai abin da ya ɗara rufin. Ka ce metir 10, mu ce dal ɗinka yana metir 4 daga ƙasa, saura 6. A Disamba da tsakar rana inuwa kusan metir 5 ke nan, wajen 21 ga Maris metir ɗaya da rabi da 'yan kai, a Mayu babu. Wajen tara da rabi na safe a Disamba takan kai kusan metir 10 amma a karkace take tafiya, arewa maso yamma, da la'asar kuma ta juya arewa maso gabas. Sannan ka cire tazarar da ke tsakanin bakin rassan da bangon ɗakin, don in akwai katanga da ɗan fili kafin ɗakuna to wani sashe na inuwar nan a tsakar gida zai ƙare.

Ka ga inda zancen ya nufa ko? Lokacin da inuwar ta fi tsawo shi ne lokacin da mutanen Tawa ke neman bargo, ba mai kunna bantilater, firigo ma hutawa yake. Lokacin da Inna ke shan wahala, Maris, Afrilu, Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a lokacin itatuwan kudu kusan ba ruwansu da panonka. Da a ce gabas suke ko yamma da zancen ya sha bamban don waɗannan kullum ne safe ko marece rani da damina, amma naka kudu ka ce. In kana shakka ka fuskanci alƙibla, kudu tana wajen hannunka na dama, ko ka buɗe busol ɗin da ke cikin salularka.

Kar ka tsaya kan lissafina kawai, ka hau da kanka. Ka ɗauki gawayi, ka sa yaro ya riƙe maka tsani, ƙarfe tara ka zana inda bakin inuwa ya tsaya bisa dal ka rubuta 9 a gefe, sha ɗaya ka koma, ɗaya, uku, huɗu da rabi. Da marece za ka ga taswira a ƙarƙashin ƙafarka, wurin da gawayi bai taɓa ba nan ne gidan pano. Ka tuna tsakar rana a Tawa ba sha biyu ba ce, agogonmu ya riga rana, tana kaiwa ƙololuwa tsakanin sha biyu da rabi ne zuwa ɗaya saura, don haka sa'o'in da ake faɗa a kansu daga wajen tara da rabi ne zuwa huɗu saura, abin da ke gaba da baya ɗan ƙari ne. In ba a ɗari ka yi awon ba sai ka ƙara masa lissafin Disamba da na ba ka. Tsawon iccen ma ba sai an hau ba, ka kafa sanda mai metir ɗaya ka auna inuwarta, a lokaci guda ka auna inuwar iccen, ka raba ta iccen da ta sandar, shi ke nan.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wai inuwa kaɗan tana kashe pano. Akwai gaskiya a ciki, kuma nan ne nake ba teknisiyan haƙƙinsa. In ka duba fuskar pano za ka ga 'yan ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, selil ake ce musu, 60 ko 72, sababbin da aka tsaga biyu kuma 120 ko 144. A jere aka ɗaure su, kuran sai ya ratsa ta kowane ɗaya kafin ya fita, kamar ayarin raƙuma da aka ɗaure da igiya guda, in ɗaya ya gurgunce duka ayarin da tafiyarsa zai tafi. To selil ɗin da inuwa ta rufe shi ne gurgun. Masu ƙera pano sun san da haka shi ya sa a cikin ɗan baƙin akwatin da ke bayansa suka sa diyod, galibi uku, kowane yana tsaron kashi ɗaya cikin uku, in inuwa ta kama wani sashe sai kuran ya kewaye shi ya wuce. Ke nan inuwar da ba ta wuce tafin hannu ba tana iya cinye maka sulusin pano, in kuma ta kwanta a kwance ta taɓa duka sassan uku to panon nan ya tafi hutu. Sannan su kansu panon in an jera su a seri, wato an ɗaure su ɗaya bayan ɗaya a layi guda, wanda ke cikin inuwa yana iya jan 'yan'uwansa ƙasa. Wani abin kuma diyod ɗin nan ba a yi shi don ya yi ta aiki kullum sa'o'i da yawa cikin zafinmu ba, yana iya ƙonewa, selil ɗin da ke cikin inuwa kuma maimakon ya ba da kuran sai ya riƙa sha yana yin zafi, bayan wani lokaci ka ga tabo ruwan ƙasa kamar an ɗora masa garwashi. Don haka ba na cewa ka ɗora pano ƙarƙashin reshe ka ce Allah ya kyauta, a'a.

Abin yi dai, ka matsar da su ƙarshen dal na arewa, nesa da hanya. Ɗakuna uku da salo fili ne babba, pano mai wat 450 ko 550 bai wuce metir biyu da 'yan kai a tsawo ba, faɗi metir ɗaya da ɗan abu, na bantilater da firigo da tele da ƙwai guda huɗu zuwa shida yawanci sun wadatar, ba duka rufin za su cinye ba. In har yanzu inuwar Disamba tana lasar wurin to ka kira mai walda ya ɗaga maka su bisa ƙarfe, duk metir ɗaya da ka ɗaga ka rage santimetir 80 daga inuwar tsakar rana. Ni wannan dabarar ta fi burge ni ma, don in ka yi shi kamar rumfa mai metir biyu panon da kansa zai yi wa dal inuwa, kuma kowa ya san dal shan zafi yake yi duk wuni da dare ya amayo shi cikin ɗaki. Amma fa a kafe ƙarfen da kyau cikin siminti, ban da wannan aikin na ɗora bulo biyu a ce ya danne, iskar Yuni ba ta san bulo ba. A karkata su kamar digiri 15 suna kallon kudu don ruwa da ƙura su riƙa gangarewa, a bar iska tana wucewa ƙarƙashi, don ƙarfin da aka rubuta a bayan pano a digiri 25 aka auna shi, duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari, a bazara kuwa gilashin yana iya haura 60.

Wajen ɗaurin waya ka ce wa mai aikin panon da inuwa ke iya taɓawa da safe ko marece kar ya haɗa su layi ɗaya da waɗanda ke cikin rana tsantsa. Akwai onduler, wato akwatin da ke juya kuran na pano da batir ya zama irin na gida, mai ƙofar shigar pano biyu da ake ce wa MPPT, kowane layi da tasa, ko a sa regilater biyu, wato abin da ke daidaita cajin batir. Za ka ji ana tallar ƙananan onduler da ake maƙala wa kowane pano nasa, suna maganin inuwa da gaske amma akwai tsada, kuma yawancinsu sai da kuran na gari suke aiki, in an ɗauke su ma su yi shiru, kai kuwa don ɗaukewar kake sa solar. Sau da yawa ƙara pano ɗaya ya fi araha bisa duk waɗannan, pano ya yi sauƙi sosai a 'yan shekarun nan, batir ne mai cin kuɗi.

In bayan duk wannan akwai reshe ɗaya ko biyu da suka ratayo bisa gida, to aski za a yi musu ba yanka ba. Ka tafi mairin da unguwarku ke ƙarƙashinta, Tawa ta ɗaya ko ta biyu, su haɗa ka da ma'aikatan muhalli, a zo a duba a ba ka izini a rubuce, ka ajiye takardar. Dogon yaro yana ɗaukar aski ƙwarai, ku 'yan Adar kun fi kowa sani, a kwarin Majiya wajen Buza tun 1975 aka fara dasa layukansa don tare iska kuma an daɗe ana sare kawunansu ana samun itacen gini suna sake tofowa. Saurin tofowar nan kuma yana nufin aikin ba na sau ɗaya ba ne, duk shekara ko shekara biyu sai an koma, lokacin da ya fi dacewa da kai shi ne bayan damina wajen Oktoba kafin inuwa ta fara tsawo. In wayar kuran ta ratsa cikin rassan kar ka tura yaron unguwa da adda, wannan aikin masu kuran ne. Kuma kafin adda ta taɓa ko ganye ɗaya ka je ka zauna da tsofaffin nan ka sha shayi ka gaya musu, Inna ce ba ta da lafiya za a rage reshe biyu, ba wanda zai hana ka, amma in suka wayi gari suka ga rassa a ƙasa ba su sani ba to ka sayi magana.

Ba zan ce maka itatuwan kudu suna kare bango daga zafi kamar na yamma ba, ba su kai ba. Amma suna hana ƙasar ƙofar gida gasuwa, iskar da ke shigo maka ta ƙarƙashinsu take bi, kuma suna tace ƙurar hanya wadda da babu su a kan gilashin panon za ta sauka. Ka nemi wani teknisiyan ɗin, wanda zai fara da tambayar ina tsani.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni mace ce a Yamai, ina sai da ƙanƙara da bisap da yawur a gida, da shi nake biyan kuɗin lakkol na yara. Na sa pano huɗu da batir jel biyu don kongelater, da farko lafiya lau har safe yana aiki, yanzu kuwa ƙarfe biyu na dare onduler ya fara kuka ya mutu, ƙanƙara ta narke in yi asara. Akwai wani icce bakin hanya gabas da mu da can ƙarami ne yanzu ya wuce ɗakin, da safe inuwarsa na kan pano biyu har wajen sha ɗaya. Wanda ya sai da mini kayan ya ce ba ruwan icce batir ne ya gaji in kawo kuɗi ya ba ni sabo. In saya?

Wata uwa daga Yamai

AMSA

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Kar ki saya tukuna. Mai kayan yana iya yin gaskiya cewa batir ya gaji, amma bai gaya miki abin da ya gajiyar da shi ba, in kuma ba a gyara wannan ba sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Batir jel dangin darma ne, abin da ya fi tsana a duniya shi ne a kwana a tashi bai cika ba. In kullum yana tsayawa rabi da kwata sai wani farin gishiri ya daskare a faranten cikinsa, wurin ajiyar ya riƙa raguwa har ya zama ana cika shi cikin awa ɗaya ya ƙare cikin awa ɗaya. Ke kuma iccenki gabas yake, ba irin na Alhajin Tawa ba ne, naki kowace safiya ta Allah yana nan, kuma safiyar nan ita ce mai daraja, batir ya kwana da yunwa, pano bai yi zafi ba tukuna. In rabin panonki na cikin inuwa har sha ɗaya kuma a seri aka ɗaure su, to kin rasa babban rabo na wunin, ga kongelater yana ci a lokaci guda, yaushe batir zai ƙoshi?

Ga abin da za ki yi kafin ki fitar da ko dala. Da sassafe ki sa a wanke panon da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ban da omo ban da soson ƙarfe, kuma ban da tsakar rana don ruwan sanyi kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Pano kusa da icce ya fi saurin datti, ganye, 'ya'yan icce, kashin tsuntsaye da na jemage, kuma kashin tsuntsu guda da ya bushe a kan selil inuwa ce da ba ta gusawa. A hunturu kuwa ko sau ɗaya a mako ba yawa ba ne. Sannan ki sa a matsar da pano biyun nan ɓangaren yamma na rufin, a Yamai rana ba ta kai tsakiya sai wajen ɗaya saura, kina da rana mai ƙarfi har huɗu, ba ki rasa komi ba in kin gudu yamma. In ba wuri to a raba musu layi, kuma a nemi izinin mairi a rage reshen. In regilater ɗinki ƙaramin nan ne mai araha da ake ce wa PWM, canza shi zuwa MPPT ma yana ƙara abin da ke shiga.

Bayan an yi haka ki ba shi kwana uku ko huɗu yana cika, sannan a auna. Batir mai bolt 12 da ya cika ya huta ba komi a jikinsa ya kamata ya nuna wajen 12.8 zuwa 13, in ya sauka 12.1 ko 12.2 to rabi ne, kuma jel ba a son a riƙa wuce rabi. In ya nuna ya cika amma da an kunna kongelater ya faɗi warwas, to ya mutu, sai saye. A nan in da hali litiyom ya fi, ya fi tsada a farko amma bai damu da rashin cika kullum ba kuma ana iya shan mafi yawansa. Ko wanne kika saya kar a ajiye shi a ɗakin tol mai zafi ko kusa da murhu, zafi yana rage wa batirin darma kwana sosai, ƙarin digiri 10 bisa 25 yana iya raba rayuwarsa biyu.

Sai dabarar sana'a, ki riƙa zuba sabon ruwa da bisap da hantsi lokacin da rana ta kama, ya daskare da kuran pano kai tsaye, da dare kuma a bar murfin a rufe. Zuba ruwan ɗumi cike da kongelater bayan isha'i shi ne ke kashe batir ƙarfe biyu.

Ba ke kaɗai ba ce wallahi. Tun Ogustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke kawo kuran daga Birnin Kebbi, lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can yake zuwa, mutanen Yamai suka ruga sola da gaggawa, aka yi ta ɗora pano duk inda tsani ya kai ba wanda ya kalli ɗan iccen da ke gefe ya ce wannan fa girma zai yi.

TAMBAYA

Malam ni saurayi na, na samu parsel bayan gari nan Tawa ban fara gini ba, ina son in dasa itatuwa ranar 3 ga Ogusta amma ina da niyyar sa sola in Allah ya yarda. Wane icce kuma ina?

Ɗalibinka daga Tawa

AMSA

Madalla ƙanena, kai ka yi tambaya a kan lokaci, kuma ranar da ka zaɓa ita ce ranar dashen itatuwa ta ƙasa, tun 1975 ake dashe a cikinta a Nijar, ga ƙasa ta jiƙa. Manyan itatuwa irin dogon yaro ka kai su yamma, su tare maka ranar la'asar da ke gasa bango, abin da za su rage wa pano bayan ƙarfe huɗu kaɗan ne. Arewa ma ba laifi in ba su ratayo bisa rufi ba. Gabas da kudu ka sa gajeru, lemun tsami, gwaba, zogale da kake sare kansa kullum kana cin ganye. Turare ka bar shi, tsawo yake yi ba kai ba gindi ga shan ruwa. Gawo kuma a gona sarki ne amma kudu da pano bai dace ba, don shi da damina yake zubar da ganye lokacin da inuwarsa ba ta dame ka ba, ya cika fam da ganye a ɗari lokacin da inuwa ta fi tsawo.

Ka ba kowane babban icce tazarar metir biyar ko fiye daga bango da ramin salanga saboda saiwa, ka tambayi mairi iyakar hanya kafin ka haƙa rami a waje, kuma tun wajen zanen gida ka gaya wa mason ɗakin da pano zai hau don kar ya kafa maka shato na ruwa a kudu da shi. Ka kewaye dashen da ƙaya ko bulo, awakin Tawa ba su san 3 ga Ogusta ba.